TANTANCE ASALIN IRIN TUMATIR: Jarin Da Ke Ɓoye A Lambunan Ƙananan Manoma

Daga watan Janairu zuwa Afrilu na kowace shekara, manyan motoci kan taso daga Kwanar Gafan da Kadawa a Jihar Kano, da Ɗanja a Jihar Katsina, da kewayen Zariya, shaƙe da kwandunan tumatir, su ci tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin su sauke kaya a kasuwar Mile 12 da ke Legas, wasu kuma su nufi Ibadan ko Anacha ko Fatakwal. Duk wannan ciniki na miliyoyin Naira a kan abubuwa biyu yake tafiya, watau ganin ido da kuma suna. Mai saye ya dubi girman 'ya'yan da jansu da taurinsu, dillali ya ce masa wannan UTC ne, ko Roma, ko Ɗan Siriya, ko Tandino, sai a yi ciniki. A kasuwannin kudu maso yamma kuma a ji ana ambaton Beske da Kerewa.

Sai dai kuma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Suna guda kan rufe iri biyu ko uku da ba su da wata dangantaka ta kusa, haka nan iri guda kan amsa sunaye dabam dabam daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan. A yau kimiyya ta samar da hanyar duba asalin kowane iri daga cikin ƙwayoyin halittarsa, kuma abin da wannan hanya ke tonowa ya shafi aljihun manomi, da ɗan gwari, da mai sayar da iri, da mai masana'antar tumatirin gwangwani.

GIRMAN HARKAR DA RAUNINTA

Wani rahoto da kamfanin PwC ya fitar a 2018 ya nuna cewa Nijeriya ce ta biyu a Afirka wajen noman tumatir, bayan Masar, inda ta noma kimanin tan miliyan 2.3 a shekarar 2016. Amma rahoton ya ce abin da hekta guda ke bayarwa a nan bai wuce tan biyar da rabi ba, alhali matsakaicin abin da ake samu a duniya ya kai tan 38. Bugu da ƙari, kimanin kashi 45 cikin 100 na abin da aka noma kan lalace kafin ya kai tukunya, kuma a lokacin ƙasar tana kashe wajen Dala miliyan 360 a shekara wajen shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga waje.

Gwamnati ta gwada maganin abin ta hanyar kuɗi da haraji. A 2015 Babban Bankin Nijeriya ya sanya tumatirin gwangwani cikin jerin kayayyakin da aka hana masu shigo da su samun kuɗin musaya daga hannun hukuma, takunkumin da aka ɗage a watan Oktoban 2023. A 2017 kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir daga kashi 5 zuwa kashi 50 cikin 100, tare da ƙarin Dala 1,500 a kan kowane tan. Duk da haka farashi bai daina hawa da sauka ba. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa kilo guda na tumatir, wanda aka saya a kan kimanin Naira 547 a watan Yunin 2023, ya kai kimanin Naira 2,302 a Yunin 2024.

Haraji na iya tare kayan waje, amma ba ya sa tumatir ya yi 'ya'ya a watan zafi ko ya jure ruwan damina. Wannan aiki ne na iri. Yawancin tumatirin arewa na noman rani ne, ana samunsa ne da sanyin hunturu a wurare irin su filayen ban ruwa na Kogin Kano da madatsar Tiga ke shayarwa. Idan zafin rana ya wuce kimanin digiri 32 kuma dare bai yi sanyi ba, furen tumatir kan kaɗe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Shi ya sa ake samun ambaliyar kaya a rani har a yanyanka a yi kauɗa, sannan a shiga ƙamfa daga watan Mayu zuwa tsakiyar damina.

TSATSO GUDA, SUNAYE BARKATAI

Asalin tumatir daga tsaunukan Andes ne na Kudancin Amurka, yankin ƙasashen Peru da Ikwado na yanzu, kuma a Meksiko ne ya zama amfanin gona sosai. Mutanen Sifen suka kai shi Turai a ƙarni na 16, inda aka fara ambatonsa a rubuce a Italiya a 1544, daga can kuma ya bazu zuwa sauran duniya har ya iso mana. A kowane zango na wannan doguwar tafiya, 'yan tsirarun iri ne matafiya suka ɗauka, sauran aka bar su a baya. Daɗin daɗawa, furen tumatir kansa yake yi wa barbara a mafi yawan lokuta, saboda haka ɗa kan fito kusan sak da uwarsa.

Sakamakon haka shi ne, tumatirin da duniya ke nomawa yana da ƙuntataccen asali. Wani bincike da aka wallafa a 1990 a ƙarƙashin Farfesa Steven Tanksley na Jami'ar Cornell ta Amurka ya nuna cewa bambancin gadon da ke cikin tumatirin noma bai kai kashi 5 cikin 100 na wanda ke cikin danginsa na daji ba. Watau duk da yawan siffofi da ake gani a kasuwa, mai tsawo da mai faɗi da mai tsaga-tsaga, a ciki 'yan ɗaki ɗaya ne.

Manyan irin da suka daɗe suna da rinjaye a lambunan arewa ma baƙi ne. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ce ta fitar da Roma a 1955, kuma haruffan VF da ake liƙa masa suna nuni ne da cututtukan yaushi guda biyu da yake jurewa. Shi kuwa UC82 daga Jami'ar Kalifoniya ya fito a shekarun 1970. An ƙirƙire su ne don yanayin wata ƙasa, sun kuma karɓu a nan saboda taurin jikinsu da ke jure doguwar tafiya a cikin kwando.

Ɗan kasuwa ya san haɗarin zuba dukan jarinsa a haja guda. Manoman masara na Amurka sun ɗanɗana wannan a 1970, lokacin da kimanin kashi 85 cikin 100 na masararsu ke ɗauke da gado iri ɗaya daga ɓangaren uwa. Wata cutar ganye ta faɗa mata, ƙasar ta yi asarar wajen kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar. Idan dubban hektoci suna ɗauke da iri masu tsatso guda, cutar da ta iya kayar da ɗaya za ta iya kayar da duka.

YADDA AKE DUBA ASALIN IRI

A da, idan masani yana son ya bambanta iri biyu, sai ya shuka su, ya jira watanni uku ko huɗu, ya auna tsayinsu, ya ƙirga 'ya'yansu, ya dubi ganye da fure. Wannan hanya tana da amfani har gobe, amma ƙasa da ruwa da taki kan sauya kamannin shuka, ta yadda iri guda zai yi dabam a Kadawa, ya yi dabam a Ogbomoso.

Sabuwar hanyar tana duba zaren gado ne, wanda masana ke kira DNA a taƙaice. Wannan zare yana cikin kowace ƙwayar halitta ta shuka, kuma kamar dogon rubutu yake da aka yi da haruffa huɗu kacal. A jikin tumatir an naɗe shi cikin dami 12, kowane dami da abokin tagwaicinsa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A 2012 ne ƙungiyar masana daga ƙasashe da dama ta kammala karanta rubutun gaba ɗaya, inda aka sami haruffa kimanin miliyan 900 da ƙwayoyin gado wajen 35,000.

Ba sai an karanta dukan wannan rubutu ba kafin a gane iri. Akwai sanannun wurare a jikin zaren inda iri ke saɓawa da juna, su ake kira alamomin gado. Aikinsu kamar na tsagar fuska ne a zamanin da, wadda ke nuna gidan da mutum ya fito tun bai buɗe baki ba. Wasu alamomin, da ake kira SSR, wurare ne da 'yan haruffa biyu ko uku ke maimaita kansu, wani iri sau goma, wani sau goma sha huɗu. Wasu kuma, da ake kira SNP, bambancin harafi guda ne tak a wuri guda, kuma na'urorin yanzu kan duba dubbansu a lokaci ɗaya. Kafin waɗannan an yi amfani da RAPD, wadda ta fito a 1990, mai araha amma sakamakonta kan sauya daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan, da kuma AFLP ta 1995.

A aikace, mai bincike kan tsinki ɗan ganye daga dashen da bai wuce makonni biyu ko uku ba, ya niƙe shi, ya ware zaren gadon da magunguna. Daga nan sai ya sa shi a na'urar PCR, dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ta ba shi lambar Nobel a 1993. Na'urar tana ninka ɗan gutsuren da ake nema sau biyu a kowane zagaye, ta yadda zagaye 30 kan ba da kwafi sama da miliyan dubu. Sai a tura gutsattsarin ta cikin wani daskararren ruwa da ƙarfin lantarki, gajeru su yi gaba, dogaye su tsaya a baya, su fito jere kamar matakan tsani. Iri biyu da matakansu suka yi daidai a dukan wuraren da aka duba, abu guda ne ko 'yan'uwa na kusa. Kwamfuta ce ke haɗa lissafin ta zana bishiyar dangantaka, wadda ke nuna wane ne ɗan'uwan wane, wane ne kuma bare.

INDA RIBAR TAKE

Amfani na farko shi ne tabbatar da gaskiyar iri. Irin haɗi, wanda kamfanoni ke samarwa ta auren iyaye biyu da aka zaɓa, yana da tsada ƙwarai idan aka kwatanta da irin da manomi ke ajiyewa, kuma inda tsada take nan masu algus ke taruwa. Ƙwayar irin tumatir kuwa duk kamarsu ɗaya, ba a gane na gaske sai an shuka, lokacin da an riga an kashe kuɗin taki da man injin ban ruwa da ƙwadago. Da alamomin gado, cikin 'yan kwanaki za a san ko abin da ke cikin gwangwanin irin haɗi ne na gaske mai ɗauke da alamar iyaye biyu, ko kuwa jikokinsa ne da aka tsame daga 'ya'yan kasuwa aka sake ƙullewa. Wannan kariya ce ga dilan iri mai gaskiya da kuma bankin da ya ba manomi rance.

Italiya ta nuna yadda abin ke aiki a kasuwa. Tumatirin San Marzano, wani irin gargajiya na yankin Naples, ya sami rajistar kariya ta Tarayyar Turai a 1996, abin da ya sa gwangwaninsa ya fi saura tsada. Da masu bincike na Italiya suka auna wasu gwangwanaye da alamomin SSR, sai suka gano cewa akwai waɗanda abin da ke cikinsu bai dace da sunan da ke jikin takardarsu ba. Darasin shi ne, irin gargajiya na iya zama haja mai daraja, muddin akwai hanyar tabbatar da shi.

Amfani na biyu na masu masana'anta ne. Abin da masana'antar markaɗe ke saye a haƙiƙa shi ne kaurin tumatir, watau abin da zai saura bayan an ƙafar da ruwa. Markaɗaɗɗen tumatir na kasuwanci yakan kai kauri kashi 28 cikin 100. Idan ɗanyen yana da kashi 5, ana bukatar tan 5.6 don a sami tan guda. Idan kuwa kashi 4 ne, sai an sayi tan 7. Wannan tazarar ta maki guda tana nufin ƙarin kashi 25 cikin 100 a kuɗin ɗanyen kaya, ban da kuɗin mota da na makamashin ƙafewa. Masana'antar da ta raba wa manoma iri da sharaɗin ta sayi amfaninsu tana da bukatar sanin cewa irin da ta bayar shi ne aka shuka.

Amfani na uku, wanda ya fi sauran nisan zango, shi ne samar da sababbin iri. Mai auren iri yana neman iyaye biyu masu nisan dangantaka, domin auren 'yan ɗaki ɗaya ba ya kawo sabon abu. Bishiyar dangantaka ce ke nuna masa waɗanda zai haɗa. Har ila yau, an san alamomin da ke tafiya tare da wasu ƙwayoyin gado masu daraja. Alal misali, akwai Mi, mai kare saiwa daga tsutsar ƙasa da ke sa ta kumbura, wanda aka ɗauko daga wani tumatirin daji na Peru a shekarun 1940, da kuma Ty-1, mai rage ɓarnar cutar nannaɗe ganye da farin ƙuda ke yaɗawa. Maimakon a rena dashe dubu har su girma, sai a duba su tun suna ƙanana, a ajiye masu alamar, a zubar da saura. Wannan kan rage shekaru da kuɗi.

DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI

A nan ne irin gida ke shigowa. Tumatirin da ƙananan manoma na Oyo da Ogun da Osun ke shukawa da damina ba shi da farin jini a wurin masu dogon fatauci, saboda yana da ruwa da tsami, fatarsa kuma ba ta jure tafiya. Amma shekara da shekaru yana rayuwa cikin laima da cututtukan da ke kayar da irin rani. Haka nan irin da tsofaffin masu lambu na arewa suka riƙa ajiyewa sun sha zafin bazara sun tsira. Duk manomin da ya zaɓi 'ya'yan shukar da ta fi lafiya ya ajiye irinta, ya yi aikin zaɓe ne ba tare da ɗakin bincike ba, kuma abin da aka tara ta haka dukiya ce da ba a sayo ta da kuɗin musaya ba.

Akwai shaidar cewa irin zamani sun yi asarar wasu abubuwa a hanya. A 2019 masana sun kwatanta zaren gadon tumatir 725, na noma da na daji, suka sami ƙwayoyin gado 4,873 da babu su a cikin irin da aka karanta a 2012. Da yawa daga cikinsu sun shafi kariya daga cututtuka, akwai kuma wani nau'i da ke ƙara ƙamshi wanda ya yi ƙaranci a irin noma.

Matsalar ita ce irin gida suna ɓacewa a hankali. Manomin da ya koma irin kamfani ba ya da dalilin ci gaba da ajiye na kakansa, kuma irin da aka daina shukawa na 'yan shekaru ya tafi ke nan. Ƙasar nan tana da hukumomin da wannan aiki ya rataya a wuyansu. Akwai Cibiyar Adana Albarkatun Gado ta Ƙasa, NACGRAB, da aka kafa a Ibadan a 1987, wadda ke riƙe da rumbun iri na ƙasa. Akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, ita ma a Ibadan, wadda ta fitar da sababbin iri uku masu suna HORTITOM a 2023, sai kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, mai jerin irin SAMTOM. Ajiyar iri a ɗakin sanyi tana cin wuta da ma'aikata, don haka alamomin gado kan taimaka a gane waɗanda aka maimaita da sunaye dabam, a kuma gane waɗanda babu kamarsu, domin a fi ba su kulawa.

Dokar Kare Sababbin Irin Shuka ta 2021 ta ƙara wa maganar nauyi. A ƙarƙashinta, wanda ya samar da sabon iri yana iya yi masa rajista ya ci moriyarsa, idan irin ya bambanta da saura, ya daidaita, kuma bai sauyawa daga shuka zuwa shuka. Idan ba a tantance irin gida an rubuta su ba, zai yi wuya a kafa hujja ranar da wani ya ɗauki ɗayansu ya sauya masa suna.

IYAKAR ABIN

Ya kamata mai zuba jari ya san inda wannan fasaha ta tsaya. Alama tana nuna abin da ke cikin iri ne, gona ce ke nuna abin da zai yi. Kariyar Mi, alal misali, takan karye idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, abin da ba baƙo ba ne a yankunanmu. Jure zafi da yawan 'ya'ya kuwa ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su samar da su, ba a kama su da alama guda.

Haka kuma batun tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon. Daga Kudancin Amurka ta fito, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta yi mummunar ɓarna a Nijeriya a 2016. A watan Mayun shekarar Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, inda ta ce manoma 200 sun yi asarar Naira miliyan dubu ɗaya cikin wata guda. Masana'antar Dangote ta Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, wadda ta fara aiki a shekarar, ta tsaya saboda rashin ɗanyen kaya. Kariya mai ƙarfi daga wannan tsutsa an fi samunta ne a dangin tumatir na daji masu gashin ganye mai fitar da wani ruwa da ƙwari ba sa so, kuma shigar da wannan hali cikin irin noma aiki ne na shekaru. Kafin nan, tarko da tsabtar gona da feshi bisa ƙa'ida su ne abin dogaro. Kwandon kaba da ramukan hanya ma suna da nasu kason a asarar kashi 45 ɗin nan, wanda babu irin da zai magance shi shi kaɗai.

ABIN DA YA RAGE GA 'YAN KASUWA

Binciken irin gida a jami'o'inmu yawanci kan tsaya ne a kan 'yan iri kaɗan, saboda magungunan gwaji daga waje ake sayo su, ga kuma matsalar wuta. Abin da harkar ke bukata shi ne a bi jihohin da ke noman tumatir, a tattaro irin da ke hannun manoma tare da sunayensu da bayanin halayensu daga bakin masu su, a auna su da alamomi iri ɗaya, a kuma gwada su a gona rani da damina. Kuɗin irin wannan aiki ƙalilan ne idan aka auna shi da asarar wata guda ta 2016.

Ƙungiyoyin manoman tumatir, da na 'yan gwari na Mile 12 da sauran manyan kasuwanni, da masu masana'antu, suna iya haɗa hannu da cibiyoyin Ibadan da Samaru su ɗauki nauyin wani sashe na aikin. Su ne suka san inda kowane iri ke fitowa, su ne kuma za su fara cin riba idan aka sami irin da ke ba da 'ya'ya a watan Yuni. Haka nan dilolin iri suna iya fara neman takardar gwajin asali daga kamfanonin da suke sarar kaya, su kuma nemi Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa ta riƙa ɗaukar samfuri daga shaguna tana aunawa. Duk shekarar da aka jinkirta, akwai irin da mai shi zai daina shukawa, kuma abin da ke cikinsa ba za a sake samunsa a kowace kasuwa ba.